Kwana Goma Sha Biyu a Aljihun Yaya

Assalamu alaikum. Sunana Kulu, haihuwar Bakura, malamar firamare a Talata Mafara. Wannan labarin jinyar maigidana ne, Malam Ummaru, wanda ya daɗe yana ladanci a masallacin unguwarmu. An yi masa aikin ƙari a cikin kai, aikin kuma ya yi kyau, ba zan ci haƙƙin likitoci ba. Abin da ya biyo baya mu muka jawo shi da hannunmu, nawa hannun ma yana ciki. Na rubuta ne saboda matan da wata rana za a ce wa su zauna su duba kaya.

A unguwa Kulu mai baki ake ce mini. Ba a taka ni in yi shiru, ko hedimasta ya san haka. Ku riƙe wannan, don za ku ga ranar da bakin ya mutu.

Ciwon ya faro ne da abin da ba wanda zai kira ciwo. Malam ya riƙa ture buta. In na ajiye masa kwanon tuwo a gefe sai ya tashi ya yi fatali da shi, ni kuma in hau faɗa, in ce wai shi ido ado ne a fuskarsa. Sai ciwon kai da ba ya jin magani, da kasala. Mutumin da ke wuni a gonar shinkafa ya koma da hantsi ya nemi inuwa. Daga nan mutane suka fara gunaguni, wai Ladan ya yi girman kai, ana gaishe shi a hanya yana wucewa. Abin ya kai maƙura wata ranar Talata a kasuwa, da ya wuce yayansa uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Mamman, wanda ya taso tun daga Tsibiri. Yaya ya biyo shi har gida, ko tabarma bai jira ba.

"Kai Ummaru, yaushe kaz zama sarki? Ina tsaye ga rumfar masu goro kaw wuce ni kamar ba ka san ni ba!"

"Wallahi Yaya ban gane ka ba. In ba gabana mutum yat tsaya ba, ba ni ganinai."

A ranar jikina ya yi sanyi. Ashe duk faɗan buta da nake yi, da marar lafiya nake yi.

Shawara kuwa sai wadda muka manta. Inna, mahaifiyarsu, ta ce amosanin kai ne, aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya. Wata gwaggona a Bakura ta aiko da tozali na musamman. Mai kemis ya ce hawan jini ne, ya auna, ya ga ba shi ba ne, amma bai fasa sayar mana da ƙwayoyi ba. Aka sayo tabarau a kasuwa, aka sha rubutu. Wata huɗu muka yi a haka, sai da amalanken shanu ya fito masa ta gefe a hanyar Morai yana kan babur, ya gurje kafaɗa da gwiwa, sannan kowa ya yarda a je asibiti.

Daga asibitin garinmu aka tura mu Sakkwato wajen likitan ido. Mun yi sammako, amma sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Likitar mace ce. Ta ce ya kalli hancinta, ta riƙa kawo yatsa daga gefe, sai yatsan ya kusa zuwa gaban fuskarsa yake cewa ya gani. Ta ce idon lafiyarsa lau, wani abu ne ke danne jijiyarsa daga ciki, a je a yi hoton ƙwaƙwalwa. Mako biyu muka yi kafin mu samu hoton. Da ya fito aka yi mana bayani: a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, wai ita fituwitari, ita ke ba sassan jiki umarni. A kanta ƙari ya fito ya girma, har ya tokare jijiyoyin ido. Ba mugun ƙari mai yaɗuwa ba ne, amma in an bar shi zai makanta.

Aka ba mu takarda zuwa wani babban asibiti, tafiyar yini guda daga gida. Shinkafar da muka ajiye sai ta yi daraja muka fitar tun ba ta yi ba, tumakina suka bi, jama'ar masallaci suka yi karo-karo. Yaya Mamman ya sayar da sansa na huɗa, ana gab da damina. Ina so a san wannan tun yanzu, kafin in faɗi sauran.

Inna ce ta tsaya kai da fata.

"Ba a hwasa kan ɗana ina raye! In makanta ta, Allah ya ba mu haƙuri."

Sai da Yaya ya gaya mata likita ya ce ba za a taɓa ƙoƙon kai ba, ta hanci za a bi a ciro abin, sannan ta saki fuska.

"Ta hanci? To ai wanga kamar cirar beli na. Ku tahi, Allah shi ba da sa'a."

Muka yi dariya, har da ni. Wannan magana ta Inna ita ce ta zauna a kan kowa, cewa ƙaramin aiki ne.

Na kai yara Bakura wajen mahaifiyata, muka tafi mu uku, ni da Malam da Yaya. Sau biyu ana sa rana ana ɗagawa, mako uku muna zaune a barandar asibiti da masu jinya daga ko'ina, muna girki a kan risho ɗaya. Ranar da aka shiga da shi tun hantsi, sai bayan la'asar aka fito da shi, hanci cushe da auduga, yana numfashi ta baki. Kwana biyun farko ƙishirwa ta dame shi, yana sha yana fitsari, nas-nas suka ba ni roba mai awo in riƙa aunawa ina rubutawa. Suka ce hakan yakan faru, kuma ya lafa. Suka ja mini kunne kada ya taɓa hancin. Ni kuma na ɗauka dokar ta audugar ce, in an cire ta shi ke nan.

A rana ta huɗu ina zaune a gefen gadon ina ɓare masa lemo, shi kuma yana kallon silin. Bai juyo ba ya ce, "Kulu, ɗankwalin ga naki kore na ko?"

Lemon ya faɗi daga hannuna. Na fita baranda na yi kukana na ƙoshi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba, kuma ban sake ji ba.

Ranar sallama nas ta leƙo ta ce likita na kiran marar lafiya da ɗan'uwansa. Na miƙe. Ni ce na kwana tara ina juya shi, ni na san lokacin kowane magani. Yaya ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Zamna ki diba kaya, Kulu. Yanzu mu hito."

Na zauna. Wa zai shiga gaban yayan miji yana tsoma baki a maganar maza? Haka muka tashi muka gani. Kulu mai baki ta koma kan ƙullin tabarma tana gadin kwanuka da fulas, waɗanda ko kyauta aka ba ɓarawo ba zai ɗauka ba. Likitan ma, Allah ya saka masa, bai tambayi wa zai yi jinya a gida ba, ya ga namiji babba da rawani ya ɗauka ya samu mutuminsa. Sun jima a ciki. Da suka fito na ga Yaya yana ninke wata takarda yana sa ta a aljihun 'yar cikinsa.

"Yaya, mi likita yac ce?"

"Ya ce an yi nasara. A sha magani, a komo bayan sati shida."

Ya miƙo mini ledar magani. Takardar kuwa ta bi shi Tsibiri, don shi ne babba, a wurinsa takardun gidansu suke tun rasuwar mahaifinsu.

Muka iso gida ranar Laraba. Gida ya cika da 'yan sannu, kowa ya shigo sai ya leƙa kan Malam yana neman ɗinki. Babu ɗinki, babu bandeji, ko aski ba a yi masa ba. Wani dattijo har cewa ya yi, "Ashe Ladan yawon buɗe ido kat tahi." A asibiti a zaune yake salla, na ɗauka don rashin ƙarfi ne. Ranar Juma'a da la'asar sai na ga ya ɗauki buta ya yi cikakkiyar alwala, ya shaƙa ruwa ya fyace sau uku kamar yadda ya saba, ya fita. Can sai ga muryarsa a lasifika. Matan maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga suna yi mini barka, ni kuma baki har kunne. Ya yi sallarsa a sahun farko, ya daɗe a sujada yana gode wa Allah da ya mayar masa da ido.

Kwana uku bayan haka na lura da danshi a kan dardumarsa, daidai wurin goshi. Na duba shi, sai na ga ruwa na ɗiga daga hancinsa na hagu kaɗai, garau kamar ruwan famfo, musamman in ya sunkuya. Ya ce yana jin gishiri-gishiri a maƙogwaro. Na ce mura ce, iskar mota ce ta buge shi. A nan ne na yi nawa. Na tafasa ganyen dogon yaro da lemun tsami, na sa shi ya duƙa a kan tukunya na lulluɓe shi da bargo, safe da yamma, kwana uku ina yi masa surace. In ya fito in miƙa masa ƙyalle in ce, "Hyace da ƙarhi, Malam, ta hita dut." Da bakina na faɗa, ba sau ɗaya ba.

Ciwon kai ya dawo, in ya tashi zaune ya tsananta, in ya kwanta ya yi sauƙi. A kwana na goma da sallamarmu zazzaɓi ya rufe shi. Washegari wuyansa ya sanƙare, yana amai, ko hasken ƙofa ba ya so, yana kiran sunan mahaifinsa da ya rasu. Muka ɗauke shi sai asibitin garinmu. Likitan da muka samu, yaro ne matashi, da ya ji an yi aiki ta hanci kuma ruwa na zuba, sai na ga fuskarsa ta canja. Ya sa aka fara allura nan take, ya ce ina takardar sallama. Na ce tana Tsibiri. Waya ta ƙi shiga sai da ƙyar, kuma la'asar ta yi, hanyar nan ba a bin ta da yamma, kowa ya san dalili. Sai da safe Yaya ya iso.

Ya ciro ta daga aljihun da ya sa ta, ninki huɗu, gefenta ya yi jan goro. Kafin ta kai hannun likita na karɓe. Da Turanci aka rubuta ta, Turanci mai sauƙi, wanda bai fi wanda nake koya wa 'yan aji huɗu ba. Kada ya fyace hanci. Kada ya shaƙi ruwa. Kada ya sunkuyar da kai ƙasa ko ya ɗauki abu mai nauyi har mako shida. A ƙasa kuma, an ja layi da biro: in aka ga ruwa garau mai gishiri yana ɗiga daga hanci, ba majina ba ce, ruwan ƙwaƙwalwa ne, a dawo asibiti a ranar.

A tsaye na karanta, ban san lokacin da na zube ƙasa ba. Da na ɗago, kunyar da ta zaunar da ni a baranda ta tafi.

"Yaya, likita ya hwaɗa muku wanga?"

Ya kawar da kai.

"Yaya, magana nika yi. Ya hwaɗa muku?"

"Ya yi maganar sujada. Ni kau nic ce ma Ummaru, mutum Allah ya mai da mai idonai, shi ƙi kai goshi ƙasa? Likita ya yi nashi, saura na Allah. Maganar ruwan ga kau, wallahi Kulu ban riƙe ta ba. Maganganun sun yi yawa."

"Sun yi yawa, shi na kuka bar ni waje ina gadin hulas? Ni da ad da karatun! Kwana goma sha biyu tana aljihunka, ni ina can ina dahwa mai ganye ina kashe shi!"

Mutane suka taru. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Ya juya ya fuskanci bango, dattijo da furfurarsa, kafaɗunsa suna rawa.

A motar asibiti aka mayar da mu can. Likitan da ya yi aikin ya ce inda suka bi suka ciro ƙarin sun toshe shi, yana bukatar makonni kafin ya kama. Fyacewa da sunkuyo suka buɗe shi, ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki ya samu hanya, ƙwayoyin cuta kuma suka bi ta nan suka hau. Sanƙarau ne. Ya ce wani lokaci ko an kiyaye yakan buɗe, amma da an zo a ranar farko da ba a kai ga haka ba. Wannan "da" ɗin har yau ita ke hana ni sakewa.

Makon farko bai san wanda ke kansa ba. Allura ta jijiya ba dare ba rana, kowace da tsadarta, sarƙar aurena ta tafi a nan. Mako na biyu zazzaɓi ya sauka, aka sake shiga da shi, aka yanko kitse a cinyarsa aka liƙe wurin. Yaya bai koma gida ba ko sau ɗaya, gonarsa ta kwana ba huɗa. Ni da shi ba ma magana sai ta dole, amma kullum da safe zan tarar ya ɗebo mini ruwa ya ajiye.

Mako na uku Malam ya dawo hayyacinsa. Na zauna ina ba shi labarin yara, ina ta zuba, sai na ga ba idona yake kallo ba, bakina yake kallo.

"Kulu, mi as sa kike magana ba murya?"

Aka auna. Kunnen dama ya mutu gaba ɗaya, na hagu saura ɗan kaɗan, sai an kai baki an ɗaga murya. Sanƙarau ya tafi da su. Ido kuwa tangaran, har gefe da gefe.

Da muka dawo gida Liman ya zo dubiya. Da ya ji yadda aka yi ya riƙa salati. Ya ce ai shaƙa ruwa a alwala sunna ce ba farilla ba, marar lafiya kuma ya yi salla a zaune da ishara, ladansa cikakke, me ya sa ba a tambaya ba? Na kai baki kunnen Malam na maimaita masa. Ya daɗe yana kallon tabarma.

"Na sani, Liman. Ni kaina na karantar da shi. Kunya nij ji. In zamna bisa kujera cikin masallaci, ba ɗunki ba bandeji, mutane su ce mi as same ni?"

Na so in yi masa faɗa, wallahi na so. Amma faɗan da sai an kai baki kunne an yi ihu, kafin ka gama ya zama kuka.

Sau ɗaya ya gwada komawa ladanci. Ba ya jin muryarsa, sai ta riƙa hawa tana sauka ba bisa ƙa'ida ba, mutane suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce masa kome, amma yanzu yana gani har gefe, ya ga fuskokinsu. Bai sake ba. Wani ke kiran salla, shi kuma ya ɗauki sharar masallaci da shimfiɗa tabarmi. A gida in an yi kira sai in taɓa kafaɗarsa. Akwai 'yan ƙwayoyi farare da zai riƙa sha kullum, don 'yar tsokar nan ba ta koma aiki sosai ba, an ce ko azumi kada ya sa ya bari sai an yi shawara da likita. Wannan karon a kunnena aka faɗa, na kuma rubuta.

Ina godiya ga Allah da ya bar mini shi, da likitoci da nas-nas, da jama'ar unguwa, da Yaya Mamman wanda ya rasa sansa da damina guda saboda ƙanensa. Na yafe masa. Kaina ne ban gama yafe wa ba. Abin da zan ce wa 'yan'uwana mata shi ne, in ke ce mai wanke marar lafiya, ke ce mai ba shi magani, to ranar sallama ki shiga. A ce ba ki da kunya. Ki karɓi takardar, in ba ki iya karatu ba ki tsaya a karanta miki layi-layi. Rashin ɗinki a waje kuma ba ya nufin ciki ya warke.

Watan jiya muka koma a sake hoton kai, a ga ko ƙarin ya dawo. Yaya ya raka mu. Muna zaune a barandar nan dai, nas ta leƙo ta kira sunan Malam, bai ji ba, na taɓa shi. Kafin in miƙe Yaya ya jawo jakarmu da fulas ya ɗora a cinyarsa.

"Shiga, Kulu. Ni ka tsaron kaya."

Likita ya ɗaga hoton ya nuna mini, ya ce wurin fes yake, babu alamar ƙari, jijiyoyin ido sun saki. Duk bayanin nan Malam bai kalli likita ba, bakina yake kallo. Na matsa kunnensa na hagu na gaya masa. Ya ɗaga hannu ya yi hamdala, ya shafa. Sannan ya dubi agogon bango, ya dube ni.

"Kulu, halan an yi kiran azahar?"

Ana cikin yi ne a lokacin. Lasifikar masallacin asibitin tana bayan tagar da ya jingina da ita.